Faifan Baba a Ranar Zaman Gida

A Fegge aka haife ni, cikin Anaca, a wani gidan bene da ke bayan layin masu albasa. In iska ta juyo daga kogi, har cikin ɗaki muke jin ƙarnin kifi. Mahaifina mai hoto ne. Ya baro Kano yana saurayi don ya taya kawunsa cinikin goro, sai ya ƙare da kyamara rataye a wuya. Suna, ɗaurin aure, saukar karatu, tarbar alhazai, da wuya Hausawan Anaca su yi taro a zamaninsa ba shi ya ɗauka ba. Har Inugu ake kiransa, wani sa'in har Fatakwal, wajen mahautan Mile One.

Ni na gaje shi, domin yayyena maza duk kasuwa suka bi. Nawa aikin a kwamfuta yake, in haɗa bidiyon biki, in gyara hoto. Da na fara sana'ar, sai na bi tsofaffin hotunan Baba ɗaya bayan ɗaya na shigar da su kwamfuta. Allah Ya sa na yi. Wata damina kogi ya cika ya shigo unguwa, ruwa ya kai ƙugu a shagonmu da ke ƙasan bene. Da ya janye muka tarar katan-katan ɗin hotuna da fim ɗinsu sun manne sun dunƙule, ko fuska ɗaya ba a ganewa. Ba a daɗe ba Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki. Hannunsa da ƙafarsa na dama suka daina aiki, maganarsa ta koma kalma ɗaya ko biyu, su ma da ƙyar.

Bayan ambaliyar na hau da kwamfutar sama, na kafa ta a falon Baba, inda yake wuni a kujera. Faifan ajiya biyu ne a cikinta. Ƙaramin shi ke ɗauke da manhajar da ke tayar da kwamfutar. Babban, mai terabait huɗu, shi ke ɗauke da duk abin da ya rage na aikin Baba, haɗe da nawa bidiyoyin, kuma ya riga ya wuce rabi. Sai ƙaramin ya fara wani ƙas-ƙas kamar ɓera na cin itace. Wata ran kwamfutar ta tashi, wata ran ta ƙi.

Na kira malamin da ya koya mini kwamfuta, wani Bakatsine mai shagon gyara a Ogui, cikin Inugu. Ya saurari ƙarar ta waya ya ce faifan ya kusa mutuwa. Shi ne ya ba ni shawarar in ɗora Linux a kan babban faifan in rabu da ƙaramin. Ya ce manhaja ce da ake bayarwa kyauta, masu ita sun bar cikinta a buɗe, duk mai ilimi yana iya dubawa ya gyara, kuma ba ta nauyaya tsohon inji irin nawa. Ya sa ta a filash ya ba wani direba ya kawo mini daga Inugu.

"Amma akwai matsala guda," in ji shi. "Injinki tsoho ne. In zai tashi, farkon faifan kawai yake iya dubawa, can ciki ba ya kaiwa. Hotunan kuwa daga farkon suka fara. Dole a tura su ciki gaba ɗaya a samar wa manhajar wuri a bakin ƙofa. Kina da inda za ki kwafe su tukuna?"

Na ce, "Malam, ina ni ina wani faifai mai girman wannan?"

Ya ce, "To saurara da kyau. Aikin zai ci awoyi. In ya fara, ba a tsayar da shi. In wuta ta yanke yana tsaka, rabin kayan na nan, rabi na can, faifan kuma bai san inda kowanne yake ba. Ko ni ba zan yi miki alkawarin dawo da su ba."

Na ce na ji. Ina da janareta, ina kuma da akwatin batir da ke riƙe kwamfuta na ɗan lokaci idan wuta ta ɗauke. Abin da nake buƙata shi ne wuni guda da ba mai biki da zai buga mini ƙofa. Shi ya sa na zaɓi Litinin.

A wannan yanki namu Litinin ranar zaman gida ce. Ba hukuma ce ta sa ba. Wasu ne suka ce kada a fita, kada a buɗe shago, kuma kowa ya san abin da ke iya samun wanda ya ƙi ji. Kasuwa takan mutu, okada da keke napep su ɓace, titin da ba ka iya tsallakawa ranar Asabar ya zama sai awaki. Mu Hausawa tsoronmu ya fi na kowa, domin ko ba mu yi magana ba tufafinmu sun faɗi ko mu su waye. Tun ranar Lahadi da yamma Umma, mahaifiyata, take sa a ɗebo ruwa, a sayo kayan miya, a sa sakata.

Ranar Lahadin na cika janareta, na kuma ajiye ɗan galan guda a gefe. A lissafina, wutar gari za ta riƙe mu zuwa hantsi kamar yadda ta saba, janareta ya ƙarasa sauran.

Bayan sallar asuba na sa filash na kunna. Hoton faifan ya fito kamar doguwar sanda, shuɗi inda hotuna suke, fari inda babu komai. Na ja shuɗin zuwa dama kamar yadda Malam ya kwatanta. Wani gargaɗi ya fito da jan rubutu. Na karanta shi sau biyu, na yi bisimilla, na danna. Wani siririn layi ya bayyana a ƙasa, ya soma cika a hankali, hankalin da sai ka ɗauke ido ka dawo sannan za ka yarda ya motsa.

Ko karin kumallo ba mu gama ba aka ɗauke wuta. Akwatin batir ya yi ƙara, na sauka da gudu na ta da janareta a tsakar gida. Ban damu sosai ba, na ce za a dawo da ita. Hantsi ya yi ba a dawo da ita ba. Rana ta take, na juye galan ɗin nan duka a tanki. Lokacin da kwamfutar ke nunawa na sauran aiki kuwa, maimakon ya ragu sai ƙaruwa yake. Da aka yi azahar layin ya ɗan wuce rabi ne kawai. Na sauka na buɗe murfin tanki, na girgiza janaretan, na ji man yana ɗan motsi can ƙasa kamar ragowar shayi a buta.

Na kira Malam. Waya ta ƙi shiga. Na sake, ta ƙi. Na kira yayana da ke wata unguwa, ya ce ko da yana da mai ba ta yadda zai iso, kuma in kuskura in fita in gani.

Na hau sama na zauna gaban kwamfutar. Umma ta dube ni ta ce, "Ke lafiya?"

Na gaya mata. Na ce man ba zai kai la'asar ba, aikin kuma zai wuce la'asar. Na ce a tsallaken titi, gida na uku, mijin Mama yana ajiye kekensa na haya a cikin gida duk Litinin, kuma ba ya rasa mai a tanki. Mama wata dattijuwar Ibo ce mai sayar da garin rogo, tun ina rarrafe take maƙwabtaka da mu.

"Ba inda za ki," in ji Umma. "Makon jiya ba ki ji abin da aka yi wa mai shayin bakin gada ba? Teburinsa kawai ya fito da shi."

"Umma, tsallake ne kawai."

"Ko taku ɗaya ne."

Baba yana jinmu. Ya ɗaga hannunsa mai lafiya, bakinsa ya yi ta kokawa da maganar kafin ta fito. "Bar su," ya ce. Ya huta. "Hoto ne."

Da ya yi mini tsawa da ya fi mini sauƙi. Na san abin da ke cikin faifan nan. Akwai iyayensa ranar da suka zo ganinsa daga Kano, hotonsu guda ɗaya tak a duniya. Akwai ƙanwata da ta rasu tana goye. Akwai mutanen da 'ya'yansu ke zuwa daga nesa su ce an gaya musu Baba ya taɓa ɗaukar mahaifinsu, ko za a duba. Na miƙe na ɗauki gorunan ruwa biyu na roba, na zubar da ruwan, na sa hijabina.

Umma ta tsaya a bakin matakala. Mun daɗe muna kallon juna, ƙarar janareta na shigowa ta taga. Sai ta miƙo hannu ta cire mini hijabin. Matar da ko shanya zan kwaso a baranda sai ta ce ina lulluɓina, ita ce ta ninke shi ta ajiye, ta ɗauko ɗankwali ta ɗaura mini irin ɗaurin matan garin, ta sa na ɗaura zani a kan doguwar rigata. Ƙullin ya ƙi zama sai da ta sake.

"In kin ga kowa, kada ki yi Hausa," ta ce. "Kada ki yi gudu. Allah Ya tsare."

Ta zare sakata, na fita, na ji ta mayar a bayana.

Ban taɓa jin titinmu haka ba. Ina jin ƙarar silifas ɗina, ina jin gorunan suna bugun juna a cikin leda, sai na rungume su a ƙirji. Duk shagunan an ja musu ƙarfe. Wani kare kwance a tsakiyar kwalta ya ɗago kai ya dube ni ya mayar. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne da na tsallaka na juyo: a duk layin, janaretanmu kaɗai ke ƙara. Daga ciki ban lura ba. Daga waje kuwa kamar gidanmu na shela cewa akwai masu aiki a nan.

Na ƙwanƙwasa ƙofar Mama a hankali. Shiru. Na ƙara. Na ji motsi ya tsaya a ciki, irin na mutanen da suka riƙe numfashi. Sai na sa baki a jikin ƙofar na yi magana da Ibo, na ce, "Mama, ni ce, 'yar mai hoto. Ki buɗe don Allah."

Ƙofar ta buɗe kaɗan, hannu ya fito ya fizge ni ciki.

"You wan die?" ta ce da raɗa cikin Turancin buroka, tana jijjiga kafaɗata. Sannan ta koma Ibo, ta ce wa ya mutu, wa ke naƙuda, me ya fito da ni. Da na ce mai nake nema saboda kwamfuta, ta ɗora hannu biyu a ka ta dubi mijinta. Na ce hotunan Baba ne, duka, in injin ya mutu sun tafi. Mijin ya shiga ɗaki ya fito da guntun tiyo, ya durƙusa gefen kekensa, ya zuƙo man da baki ya tofar, ya sa bakin tiyon a gorata.

Gora ta farko ta kusa cika muka ji babura.

Daga nesa suka taho, da yawa, ba sa sauri. Mijin Mama ya toshe tiyon da babban yatsa ya daskare a durƙushe. Mama ta ja ni bayan tankin ruwa ta danne kaina da tafinta. Baburan suka shigo layinmu, suka tsaya. Ta ƙasan ƙofa ina ganin inuwar ƙafafu. Ina jin muryoyinsu, samari ne, wani yana dariya. Ɗaya ya ce da Ibo, "Wa ya kunna inji a can?"

Umma ce da Baba kaɗai a gidan, mace da mutumin da ba ya iya tashi. Na yunƙura, Mama ta ƙara danne ni, ta sa bakinta a kunnena ta ce in na motsa ita za ta fara kashe ni. Na ji takun mutum ya tsallaka titi. Na ji an bugi ƙarfen shagonmu da wani abu mai nauyi, sau ɗaya, sau biyu. Duk addu'ar da na sani ta gudu daga kaina, ba abin da bakina ke maimaitawa sai Ya Allah, Ya Allah.

A daidai nan janaretan ya yi tari. Ya sake yi, ya ja numfashi, ya mutu.

Shiru ya rufe layin. Wani daga cikinsu ya ce, "Sun ji tsoro, sun kashe." Aka yi dariya. Ba su tafi nan take ba. Sun tsaya suna hira a mararraba, wani ya kunna taba, warinta ya shigo har inda nake. Ni kuwa ina tsugune ina lissafin batir ɗin nan da ban taɓa gwada iyakarsa ba, wanda mai sayar da batir ya ce mini ya tsufa tun bara. Ban san tsawon lokacin da suka yi ba. Na san dai ƙafata ta mutu, na kuma ciji gefen zanina har ya jiƙe.

Da baburan suka tashi ƙararsu ta nisanta, mijin Mama ya leƙa ta ramin ƙofa, ya cika gora ta biyu da sauri, ya ce in tafi. Umma ta ce kada in yi gudu. Na yi gudu. Silifas ɗaya ya fita a tsakiyar titi ban waiwaya ba.

Umma na bayan ƙofa. Ban tsaya ba, na wuce tsakar gida. Janaretan da zafi, man na zuba a yatsuna, rabi a tanki rabi a ƙasa. Daga sama ina jiyo akwatin batir yana kuka, ba irin kukan farko mai tazara ba, na kurkusa-kurkusa. Na ja igiya, ya ƙi. Na ja, ya ƙi. Umma ta taka shi da ƙafa ta riƙe mini, na ja da hannu biyu har na faɗi zaune, ya kama.

Na haye matakala. Ina shiga falo na ga fuskar kwamfutar baƙi ƙirin.

Na tsaya a bakin ƙofa. Na ce shi ke nan. Sai na ga kujerar Baba babu kowa. Yana ƙasa, a kwance a gefensa tsakanin tebur da bango, hularsa ta faɗi, yana haki. A hannunsa na hagu akwai wayoyi biyu da ya zare daga jikin akwatin batir, ta allon kwamfutar da ta lasifika. Ya ja jiki daga kujera har nan, ya cire duk abin da ke shan batir ya bar injin kwamfutar kaɗai. Ya nuna mini da haɓa. 'Yar koriyar fitilar injin na ci, 'yar jar da ke gefenta na ƙiftawa.

Ni da Umma muka ɗaga shi muka mayar kujera. Gwiwar hannunsa ta goge tana jini. Na mayar da wayar allon, hasken ya dawo, layin nan na nan yana tafiyarsa kamar ba abin da ya faru. Na zauna a ƙasa na jingina da ƙafar tebur. Umma ta ce a kashe janareta kada su dawo, sannan ta dubi Baba, ta dubi gwiwar hannunsa, ta sauka ta kwaso tsofaffin katifu biyu ta jingine su kewaye da janaretan don su rage ƙara. Duk babur ɗin da muka jiyo daga nesa bayan nan sai mu yi tsit mu dubi juna.

Gab da magariba layin ya cika. Ɗora manhajar kanta ba ta ɗauki komai ba, kafin in idar da salla ta gama. Ta ce in cire filash in sake kunnawa. Allon ya yi baƙi, ya daɗe a baƙin, wasu fararen rubutu suka gudu sama, sannan sabuwar fuska ta buɗe, wadda ban saba da ita ba. Na nemo faifan na danna. Na buɗe hoton farko da hannuna ya faɗa a kai: wasu mahauta ne a tsaye sun jeru, kowa da wuƙa a kugu, suna murmushi. Na buɗe wani, na buɗe wani. Na kunna bidiyo, ya yi. Baba ya rufe ido, na zaci barci yake, sai na ga gefen bakinsa mai lafiya yana motsi.

Na sauka na kashe janareta. Ba wanda ya ci abinci a gidanmu ranar.

Washegari na tashi da zazzaɓi. Ina kwance na ji kasuwa ta dawo, masu okada na ta hon, masu albasa na sauke buhuna. Ƙarfen shagonmu ya lotsa a wuri biyu. Malam ya kira da safe, na ba shi labari, ya yi ta salati, ya ce kafin mako ya fita zai aiko mini da aron faifai in kwafe komai, kuma ya aiko. Wajen hantsi Mama ta shigo da kwanon farfesu a rufe, ta gaishe da Baba da guntuwar Hausarta, ta zauna a bakin gadona ta yi mini faɗa da Ibo har ta gaji. Umma na tsaye a ƙofa, ba ta jin rabin abin da ake faɗa, amma duk inda Mama ta ja numfashi sai ta ce, "Ƙara mata."